Kuɗin Fito a Kan Kayan da Ake Saya ta Intanet Daga Ƙetare: Me Ake Biya, Wa Ake Biya?

Mutumin Kebbi ba baƙo ba ne ga kwastan. Duk wanda ya saba bin hanyar Kamba zuwa Birnin Kebbi, ko ya fito daga Tsamiya da Lolo ta Bagudo, ya san shingen bincike, ya san yadda ake sauke buhu a duba, ya kuma ɗanɗani abin da rufe iyaka yake jawowa, domin iyakokin da aka rufe a watan Agustan 2019 ba a buɗe ta Kamba ba sai a Afrilun 2022. Sai dai a 'yan shekarun nan wani ciniki ya yaɗu wanda kayansa ba sa bi ta Kamba. Ɗalibi a Aliero yana odar kayan gyaran waya daga AliExpress, matar aure a Jega tana zaɓen abaya da mayafai a Shein, ma'aikaci a Argungu yana sayen littafi a Amazon, sannan tun da Temu ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024 abin ya kai har ga waɗanda da ba su taɓa tunanin saye daga ƙasar Sin ba. Kayan nan suna sauka ne galibi a filin jirgin saman Legas, wani lokaci Abuja ko Kano, a can ake tantance su, a can ake yanka musu kuɗi, shi kuwa mai kayan yana nesa da wurin da ɗaruruwan kilomita, abin da kawai yake gani shi ne saƙo a wayarsa cewa ya biya kaza kafin a saki kayansa.

A ganina, babbar matsalar mai oda daga irin jihohinmu ita ce rashin iya rarrabe abin da ke cikin wannan "kaza" ɗin. A cikinta akwai haƙƙin gwamnati wanda doka ta tsara kuma ana iya lissafa shi da alƙalami, akwai ladan kamfanin da ya yi dakon kayan, akwai kuma abin da wani ɗan tsakiya ya ɗora don ya san babu mai tambayarsa. Duk ukun ana haɗa su a kira su kuɗin kwastan, kuma muddin aka bar su a cakuɗe, mai kaya ba zai san inda aka yi masa daidai da inda aka cuce shi ba.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne matsayin mai saye a idon doka. Duk wanda ya yi odar kaya daga wata ƙasa da sunansa da adireshinsa, shi ne mai shigo da kayan, ko da kuwa agogo ɗaya ne, kuma nauyin biyan kuɗin fito yana kansa sai idan mai sayarwa ya ɗauke masa. A harkar cinikin ƙasa da ƙasa akwai taƙaitattun sharuɗɗa da ke fayyace wannan. Idan aka rubuta DDP, mai sayarwa ne zai biya duk haraji har kaya su iso hannun mai saye, kuma ya riga ya zuba kuɗin a cikin farashi. Idan aka rubuta DAP, zai kawo kayan ne kawai, harajin kuwa na mai karɓa ne. Yawancin shagunan intanet ba sa sa waɗannan haruffa a fuskar shafi, sai dai a can ƙasa cikin ƙananan rubutu su ce mai saye ne ke da alhakin duk wani haraji na ƙasarsa. Shi ya sa rubutun "jigila kyauta" yake ruɗin mutane, alhali kuwa abin da yake nufi bai wuce kuɗin dako ba, bai taɓa batun kwastan ba ko kaɗan.

Kuɗin fito yana tsayuwa ne a kan abubuwa uku: irin kayan, darajarsu, da farashin dala a ranar da aka yi lissafi. Game da irin kaya, duniya tana amfani da tsarin lambobi na bai-ɗaya da Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Brussels take kula da shi, inda kowane nau'in kaya yake da lamba mai alƙaluma shida da duk ƙasashe suka yarda da ita, sannan yankinmu ya ƙara huɗu suka zama goma. A kan wannan lamba ake ɗora jadawalin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda Najeriya ta fara aiki da shi a 2015, mai matakai biyar. Kayan buƙatun al'umma na dole suna kan sifiri, ɗanyun kaya da injinan sana'a suna kan kashi 5 cikin 100, kayan da aka sarrafa rabi don a ƙarasa su a masana'anta suna kan kashi 10, kayan da aka gama sarrafawa don amfanin yau da kullum suna kan kashi 20, sai kuma wasu keɓaɓɓun kaya da ake son kare masu yin su a gida, waɗanda ke kan kashi 35. Galibin abin da mutane suke oda ta waya, wato tufafi da kayan ado da kayan ɗaki, gamammun kaya ne, saboda haka matakin kashi 20 ne ya fi shafar su. Ban da wannan, gwamnatin Najeriya takan ɗora ƙarin haraji na musamman a kan wasu kaya a ƙarƙashin manufofin kuɗi da Ma'aikatar Kuɗi take fitarwa.

Darajar kaya kuwa ita ce inda mutane da yawa suke tuntuɓe, domin sun ɗauka a kan farashin da suka gani a shago za a yi lissafi. Najeriya tana lissafi ne a kan abin da ake kira CIF, wato kuɗin kayan da kuɗin inshora da kuɗin dako a haɗe. Ma'ana, wanda ya zaɓi jigila mai sauri da tsada ya ƙara wa kansa haraji, tunda kuɗin jirgin ma yana cikin abin da za a yanka a kai. Ƙa'idar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Najeriya take cikinta tun 1995, ta ce tushen ƙima shi ne ainihin kuɗin da aka biya, amma jami'i yana da ikon ƙin yarda da takarda idan yana da dalilin shakkarta, sai ya koma ga farashin makamantan kayan. A nan ne ajiye shaidar biya take da amfani, wato rasit ɗin shago da saƙon banki na fitar kuɗi, domin su ne hujjar mai kaya idan an ɗaga masa ƙima.

Na ukun shi ne wanda ya fi cin mutane a shekarun nan ba tare da an taɓa jadawalin haraji ba. Ana mayar da darajar kaya zuwa naira ne bisa farashin canji na hukuma da Babban Bankin Najeriya yake bai wa kwastan. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, wannan farashi bai kai naira 500 a dala ɗaya ba, amma a cikin 2024 ya haura naira 1,500. Kaya iri ɗaya, kaso iri ɗaya, amma kuɗin fito ya ninka fiye da sau uku. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kuɗin shigar Hukumar Kwastan ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 3.2 a 2023 zuwa tiriliyan 6.1 a 2024.

Bari a ɗauki misali don a ga yadda kuɗin suke hawa kan juna bisa tsarin da aka daɗe ana bi. A ce wata baiwar Allah a Birnin Kebbi ta yi odar kayan da ke matakin kashi 20, kuɗinsu dala 420, dako da inshora dala 80, jimla dala 500, kuma a ɗauka don sauƙin lissafi cewa dala tana naira 1,500. Darajar kayan ta zama naira 750,000. Kuɗin fito na asali, kashi 20, naira 150,000 ne. A kan wannan akwai ƙarin kashi 7 na shi kansa kuɗin fiton, naira 10,500. Akwai harajin ECOWAS na rabin kashi ɗaya a kan darajar kayan, naira 3,750. Akwai kuɗin duba kaya na kashi 1 a kan tsurar farashin kayan ba tare da dako ba, naira 6,300. Daga nan sai a tattara darajar kayan da duk waɗannan, su ba da naira 920,550, a ɗora musu harajin VAT na kashi 7.5, wanda ya kama kusan naira 69,000. Abin da gwamnati za ta karɓa ya tasam ma naira 240,000. Ita a ranta kashi 20 ta sani, amma idan ta auna da naira 630,000 da ta ba mai shago, za ta tarar ta biya kusan kashi 38. Babu wanda ya zalunce ta a wannan lissafi, haka tsarin yake, domin VAT ana ɗora shi ne a kan kaya da harajinsu baki ɗaya, kuma tun Fabrairun 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5.

Ƙananan kuɗaɗen da ke cikin wannan jeri ba su zauna wuri ɗaya ba. Dokar Hukumar Kwastan ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka gada tun kafin samun 'yancin kai, ta tanadi cajin kashi 4 a kan tsurar farashin kaya don gudanar da hukumar. An fara karɓarsa a Fabrairun 2025, 'yan kasuwa da masu masana'antu suka yi ca, aka dakatar, aka sake dawo da shi, sannan Ministan Kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya ba da umarnin dakatar da shi a watan Satumban 2025. Babban ɗan kasuwa yana da ejan da ke bin irin waɗannan sauye-sauye kullum. Ƙaramin mai oda ba shi da kowa, kuma irin wannan yanayi ne yake ba wa marasa tsoron Allah damar cewa "an ƙara haraji" a duk lokacin da suka ga dama.

Sauƙi mafi girma da mai saye ta intanet ya samu shi ne matakin da hukumar gudanarwar Kwastan ta amince da shi, wanda ya fara aiki ranar 8 ga Satumban 2025, lokacin da Bashir Adewale Adeniyi yake shugaban Hukumar Kwastan. Matakin ya yafe kuɗin fito da haraji a kan ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, ko ta hanyar kamfanonin aika saƙo suka zo ko a jakar matafiyi, matuƙar ba haramtattu ba ne, kuma an iyakance shi ga shigowa huɗu a shekara. Wannan mataki ne mai ma'ana, domin ɓata lokacin jami'i da takarda a kan kunshin dala goma ya fi abin da za a samu a kansa tsada. Abin lura shi ne Najeriya ta buɗe wannan ƙofa a daidai lokacin da wasu suke rufe tasu. Amurka, wadda tun 2016 take yafe haraji a kan kayan da ba su wuce dala 800 ba, ta ga kunshin da ke shigowa ta wannan hanya sun haura biliyan ɗaya a shekara, sai ta soke rangwamen ga kayan Sin a watan Mayun 2025, ta kuma soke shi ga dukan ƙasashe ranar 29 ga Agusta. Tarayyar Turai tun Yulin 2021 ta cire yafiyar VAT da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba.

Iyakar shigowa huɗu ita ce inda nake da ja. Wanda ya san yadda ake saye a waɗannan shaguna ya san cewa mutum yakan zuba abubuwa goma a kwando ɗaya ya biya lokaci ɗaya, amma su iso a kunshi uku ko huɗu, domin daga 'yan kasuwa daban-daban suka fito. Mai gyaran waya a Yauri da ke buƙatar gilashin waya na dala takwas yau, batir na dala biyar bayan mako biyu, zai cinye rabonsa na shekara kafin wata biyu, alhali duk abin da ya shigo da shi bai kai dala hamsin ba, yayin da mai hali zai shigo da kayan dala 1,200 a zubi huɗu bai biya ko sisi ba. Da an sa iyakar a kan jimlar kuɗin shekara maimakon yawan zuwa, da ta fi yi wa ƙaramin mai sana'a adalci. Na fahimci dalilin iyakar, wato hana babban ɗan kasuwa yayyanka kwantena zuwa ƙananan kunshi ya kauce wa haraji, ya zo ya karya farashi a gaban ɗan Kantin Kwari da ya biya nasa cif. Mu a Kebbi ma ba mu da bakin ƙin kariya irin wannan gaba ɗaya, tunda shingen haraji da hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa suna cikin abin da ya ba manomin fadamar Argungu da Suru kasuwa, kuma a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015. Makamin da ya kare manomi shi ne yake taɓa aljihun mai oda. Abin nema shi ne a saita shi yadda ba zai fi danne ƙarami ba.

Sai kuɗin da ba na gwamnati ba, kuma wannan ya danganta da hanyar da kaya suka biyo. Idan ta gidan waya suka zo, mai aikawa yana liƙa takardar bayani da ake kira CN22 ko CN23 mai ɗauke da sunan kaya da darajarsu, jami'an kwastan su duba a cibiyar saƙonnin ƙetare, sannan hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, ta ƙarasa da su. Hanya ce mai araha amma mai jinkiri. Idan ta manyan kamfanonin aika saƙo cikin gaggawa suka zo, kamfanin yakan biya wa mai kaya harajin tun a filin jirgi don kada kaya su kwana, sannan ya nemi a mayar masa, ya ɗora ladan wannan biya da ya yi, da kuɗin cike takardu, da kuɗin ajiya idan mai kaya ya yi jinkirin amsawa. Waɗannan caji halal ne a ƙarƙashin sharuɗɗan kamfani, amma ba haraji ba ne, kuma yafiyar dala 300 ba ta hana kamfani karɓar ladan aikinsa. Mai kaya yana da haƙƙin neman takardar da ta rarrabe su layi-layi, tare da kwafin takardar ƙimar da kwastan suka yi, wadda ke nuna lambar kaya da darajar da aka ɗora da farashin canjin da aka yi amfani da shi. Da waɗannan uku a hannu, kowa zai iya maimaita lissafin da kansa.

Hanya ta uku ita ce wadda mata masu sana'ar oda a gidajensu suka fi bi, wato 'yan kago. Mai saye yana tura kayansa zuwa ɗakin ajiyar ejan a Guangzhou ko Dubai ko Istanbul, ejan ya haɗa kayan mutane da yawa ya auna, ya yanka kuɗi a kan kowane kilo, ya ce har da kiliyarin, wato kuɗin fitar da kaya daga hannun kwastan. Kaya su sauka Legas ko Kano, a ɗaure kwali da salatif a rubuta suna da lambar waya da alƙalamin maka, a ba direban motar Birnin Kebbi, mai kaya ta aika yaro tasha ya biya kuɗin mota ya karɓo. Wannan tsari yana da sauƙi, kuma shi ya raya ƙananan sana'o'i da yawa a unguwanninmu. Rauninsa shi ne mai kaya ba ta da ko takarda ɗaya da sunanta. A wurin kwastan ejan ne mai kaya, da takardarsa aka shigo da su, saboda haka idan ya rage ƙima ko ya cusa haramtaccen abu na wani a cikin lodin aka kama, kayan kowa sun tafi tare, kuma ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Idan kuma ya turo saƙo a zauren WhatsApp cewa kwastan sun ƙara kuɗi, kowa ya ciko kaza a kilo, babu hanyar tabbatarwa. Wadda jarinta ya fara girma, ya kamata ta nemi ejan mai rajistar kamfani da ofishin da aka sani, ta riƙa karɓar rasit mai nuna nauyi da bayanin kaya. Idan kuwa cinikin ya kai na sari sosai, akwai hanyar hukuma ta buɗe Form M a banki da samun takardar ƙima ta PAAR kafin kaya su iso, wadda take sa sunan mai kaya a kan kayansa.

Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare, wato roƙon mai sayarwa ya rubuta ƙaramin farashi ko ya ce kyauta ce. Ƙarya ce a takardar hukuma, kuma lokacin da aka sanar da yafiyar dala 300 hukumar ta yi gargaɗi a fili cewa murɗe farashi zai iya jawo ƙwace kaya da hukunci. Ko an tsallake kwastan, asarar tana nan a wani gefen, domin idan kaya suka ɓace ko suka lalace, diyya tana bin darajar da aka rubuta ne, wanda ya ce wayarsa ta dala ashirin ce ba zai nemi ɗari huɗu ba.

Wasu kayan kuma matsalarsu ta wuce kuɗi. Gwanjon tufafi yana cikin jerin abubuwan da aka haramta shigo da su ɗungurungum, duk da cewa kasuwanninmu cike suke da shi. Magunguna da kayan shafe-shafe da abinci suna ƙarƙashin NAFDAC. Jirage marasa matuƙa da kayan da suka shafi tsaro suna buƙatar takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, kuma a halin da yankin Arewa maso Yamma yake ciki, matashin da ya yi odar ƙaramin jirgi mai kyamara don ɗaukar hoton biki ba tare da izini ba zai iya jefa kansa cikin tambayoyin da suka fi asarar kuɗinsa nauyi. Shagon da ke ƙetare ba ruwansa da wannan, zai karɓi kuɗi ya aiko, kuma ba lallai ya mayar da ko kwabo ba idan an riƙe kayan a nan. Haka nan idan kaya suka zo ba yadda aka zata ba aka mayar, shago zai iya dawo da kuɗin kaya, amma harajin da aka biya ba a hannunsa yake ba, neman sa kuwa daga Zuru ko Kamba aiki ne da kan fi ƙarfin abin da ake nema.

Rashin sanin tsarin nan shi ne abincin 'yan damfara. Za a kira mutum ko a turo masa saƙo cewa wani kunshi nasa daga Ingila ko Saudiyya yana hannun kwastan, ya tura kuɗi cikin gaggawa zuwa wani asusu kafin a yi gwanjonsa. Kuɗin fito ba a biyansa a asusun mutum. Ana biyansa ne ta bankunan da aka amince da su bisa takardar ƙima mai lamba, ko ta hannun kamfanin da ya ɗauko kayan bisa rasit ɗinsa, kuma duk kunshi na gaskiya yana da lambar bibiya da za a iya dubawa a shafin kamfanin. Wanda bai yi odar komai ba kuma aka ce masa yana da kaya, amsar tana tare da shi.

Hukumar Kwastan tana sauya tsarin aikinta zuwa sabuwar manhajar B'Odogwu da ta fara gwadawa a Legas a 2024, kuma tana da reshe guda a Jihar Kebbi mai hedikwata a Birnin Kebbi. Abin da ya rage shi ne wannan ci gaba ya iso ga ƙaramin mai kaya da harshen da yake ji. Ya dace a fitar da ƙa'idar dala 300 da jerin haramtattun kaya da Hausa, a karanta su a gidajen rediyon jihar, a sa wani teburi a ofishin Birnin Kebbi inda mai kunshi zai kai lambar bibiyarsa a duba masa abin da aka yanka da dalilinsa, a kuma wajabta wa duk kamfani da ejan da ke karɓar kuɗi da sunan kwastan ya ba da takardar da ta ware kason gwamnati daga nasa. Jami'an da ke reshen suna da damar shiga manhajar da ake ƙimar a cikinta, saboda haka aikin bai wuce umarni daga Abuja da ma'aikaci ɗaya ko biyu da za su zauna a kansa ba.